Na biya jagoran fatsa a Oregon, ruwan sama zai ɓata mana tafiyar?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Portland ne a jihar Oregon ta Amurka, asalina Yauri. Na biya jagora zai kai mu kamun kifin stilhed a Kogin Wilson a watan Janairu, ni da ɗana mai shekara 11. Ga shi ruwan sama ya ƙi tsayawa, ina tsoron kuɗina su tafi a banza. Ko mu koma kan kifin salmon ko na stajin? Batun nutsewa kam ba ya damuna, a bakin Kogin Kwara na tashi, iyo ba baƙona ba ne.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka a kan ruwan sama. Shi ne ke jawo stilhed daga teku zuwa kogunan yankin Tillamook, har da Wilson, tsakanin Disamba da Maris. Abin da ake jira shi ne kogin ya fara janyewa, ya bar launin kunun kanwa ya koma kore-kore, har kana hango dutse a zurfin kamu biyu. Wilson ba ya daɗewa kafin ya washe. Jagoran kirki yana duba ma'aunin ruwa na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, kowace safiya, idan kogin ya yi hauka shi da kansa zai ɗaga ranar. Salmon kuwa ka manta da shi a Janairu, na bazara sai wajen Maris yake kankama a Kogin Willamette. Stajin yana cin ƙugiya da hunturu, amma a ƙasa da madatsar Bonneville da ke Kogin Columbia yawanci kamawa ake a saki. Stilhed ɗin ma sai wanda aka yanke wa ƙaramin fiffiken nan na kusa da wutsiya, wato na gidan ƙyanƙyasa, za ka kai gida.

Maganarka ta ƙarshe ce ta tayar min da hankali, domin kusan kullum sai na ji ta a bakin kogi. Iyon da ka koya a Yauri a ruwan ɗumi ka koye shi. Wilson a Janairu bai cika wuce digiri 7 a ma'aunin Celsius ba. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa, kafin ya yi tunanin komai ƙirjinsa zai fizgi numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba. Idan kansa na ƙarƙashin ruwa a wannan daƙiƙar, ruwa ya shaƙa. Gwanintar iyo ba ta hana wannan. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya tsara abin a lissafin 1-10-1: minti 1 ka shawo kan numfashinka, kimanin minti 10 hannuwa da ƙafafu na jin maganarka, sannan kusan awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankalinka. Wannan awar mai rigar ceto kaɗai ke samun ta. Na taɓa miƙa wa wani ƙato igiya, yana kallonta, yatsunsa sun ƙi rufuwa a kanta. Sai da muka kama shi ta kafaɗar rigar ceton muka jawo shi cikin jirgi, leɓensa ya yi shuɗi, haƙora na kaɗawa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne jagororin da ke tura rigunan ƙarƙashin kujera wai kada su tsorata kwastoma, da masu cewa dogon wandon roba na shiga ruwa zai maye gurbin rigar ceto. Ƙarya ce. Idan babu ɗamara a ƙugu, ruwa zai cika shi, fita daga kogi ta gagare ka. Kuma ka ajiye kayan auduga a gida, da zarar sun jiƙe sanyi suke zuba maka a jiki. Ulu za ku sa.

Dokar Oregon ta tilasta wa yaro ɗan shekara 12 zuwa ƙasa sanya rigar ceto muddin jirgi na tafiya. To kai fa, Alhaji? Idan jirgin ya kife a kan gungumen da ambaliya ta kawo, wa zai riƙe yaron nan idan hannun ubansa ya mutu? Amana ce Allah ya ba ka. Yau ɗin nan ka kira jagoran, ka tambayi rajistarsa da hukumar jiragen ruwa ta jihar, ka ce ya tanadi riga daidai jikin yaro. Kafin ku shiga jirgi ka ɗaure masa ita, ka kama kafaɗunta ka ja sama: idan ta kai masa kunne, ta yi masa yawa, a sake wata.