Kafin ka zo karatun auna ƙarafa a ruwan teku

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin kimiyyar sinadarai, kana neman gurbin digiri na biyu a Ingila kan auna dalma da baƙin ƙarfe a ruwan teku ta hanyar lantarki, kuma kana so ka san na'urar da za ka fara koya. Duk wanda ya rubuto daga gida na'ura yake tambaya, abin har ya fara isata. Na'urar ba ta da wuya. Wankin kayan aiki ne ke kayar da mutane.

A saman ruwan tsakiyar teku, baƙin ƙarfen da ya narke sau da yawa bai kai nanomol 1 a lita ba, wato ƙasa da giram 56 cikin lita biliyan ɗaya. Ƙura ƙwaya ɗaya ta faɗa kwalba, aikin ya tashi a banza. Clair Patterson na Caltech a Amurka ya nuna cewa yawancin alƙaluman dalma na da, dattin masu awon ne aka auna. Don haka kwalbar roba ce ko ta Teflon, a jiƙa ta a sabulu, sannan ta yi makonni cikin asid, a ɗauraye da ruwa mai tsarkin gaske, a saka a leda biyu. Safar hannu mai hoda haramun ce. Samfurin a tace shi da matata mai ramin maikuron 0.2, a zuba asid ya sauko wajen pH 1.8, in ba haka ba ƙarfen ya manne a jikin kwalba.

Awon kansa: mililita 10 a kofi, a busa iskar naitirojin kamar minti 5 don korar oksijin. A riƙe ɗigon zaiba da aka jona da lantarki a kusan bolt -1.2 ana juya ruwan, ƙarafan su taru a kansa, sannan a ɗaga ƙarfin lantarkin a hankali su saki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da alamar lantarkin da ke nuna yawansa: tutiya wajen -1.0, kadmiyom -0.6, dalma -0.4. Baƙin ƙarfe da nikel ba sa kamuwa haka, sai an haɗa su da sinadarin da zai ɗauke su ya manna a zaibar, hanyar da Stan van den Berg ya bunƙasa a Jami'ar Libaful.

Abu biyu ke ruɗin sabon shiga. Ragowar halittu da ke cikin ruwan na riƙe jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, in ba a ƙona su da hasken UV ba, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Jan ƙarfe kuma na haɗewa da tutiya cikin zaibar ya danne alamarta, maganinsa a ƙara ɗan ƙarfen galiyom. Kada ka kwatanta sakamakon da na ruwan sha da ka haɗa da ƙarfen, gishiri na canza amsa. A cikin samfurin za ka ƙara sanannen adadin ƙarfen sau biyu ko uku, ka ja layin sakamakon ka gano adadin asali.

Zaiba kuma ana ta matsa mata tun yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da ita a duniya, don haka karanta yadda ake amfani da ƙarfen bismut a madadinta. Kafin ka rubuta wa kowane farfesa, gwada wannan ƙarin adadin da ruwan rijiya. Tun gubar dalma ta Zamfara a 2010 ana buƙatar masu iya shi, kuma sakamakon hannunka ya fi doguwar wasiƙar roƙo tasiri a wurinsu.