Tsakanin habaici da hannunka-mai-sanda

Wata malama mai koyar da Turanci a sakandare a Zariya ta aiko da tambaya: "Malam, ɗalibaina sun saba fassara kalmar Turanci imply da 'yin habaici'. Raina bai kwanta da hakan ba, amma na rasa abin da zan ba su a madadinta. Mece ce Hausarta?"

Malama, sannu da ƙoƙari. Kina da gaskiya da ranki bai kwanta ba. Kalmar ta samo asali ne daga implicare ta Latin, wato naɗe abu a cikin wani abu, ta biyo ta Faransanci kafin ta shigo Turanci. Abin da take ɗauke da shi ke nan har yau: mutum ya naɗe manufarsa a cikin magana, bai fito fili ya faɗe ta ba. Kalmar ba ta damu da ko alheri ya nufa ko sharri ba. Bahaushe kuwa abin da ya fi damunsa ke nan, shi ya sa kowace niyya ya ba ta sunanta.

Habaici ba ya zuwa da alheri. Uwargida tana shara a tsakar gida, amarya na zaune a ƙofar ɗaki tana jin rediyo, sai uwargida ta dubi ɗiyarta ƙarama ta ce, "Ke kam ki koyi riƙon tsintsiya tun yanzu, kada ki je gidan wani ki zama kayan ado." Yarinyar ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Amarya kuwa ta ji saƙo sarai, amma in ta tanka za a ce da ita, "Na ambaci sunanki?" Ƙarfin habaici a nan yake: mai yin sa ya bar wa kansa ƙofar fita. Abin da ya sa aka ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake ke nan, kuma wanda aka nufa shi ne yake tsarguwa, don mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Shaguɓe ɗan'uwan habaici ne, sai dai gajere ne, a jefa shi a wuce. Gugar zana ta fi su neman rigima, domin mai yin ta so yake a tanka masa.

To in ɗalibi ya karanta cewa likita ya yi wa majinyaci irin wannan magana ta a-kaikaice game da yawan gishiri, ya rubuta "likita ya yi masa habaici", ya haɗa su faɗa alhali babu faɗa. Likitan hannunka-mai-sanda ya yi masa. Wannan ita ce kalmar da nake so ki fi jawo hankalinsu a kanta. Ana yi wa mutum hannunka-mai-sanda ne don a tsamo shi daga kuskure ba tare da an kunyata shi ba. Baƙo ya zauna hira har bayan sallar isha, ga shi unguwarsu da nisa, sai mai gida ya ce, "Ai kwanan nan masu adaidaita-sahu da wuri suke tashi." Bai kore shi ba, kuma baƙon ya fahimta ya nemi takalminsa. Ishara, wadda muka aro daga Larabci, da nuni, su ma a wannan ɓangaren suke, sai dai ana iya yin su da ido ko da leɓe ba tare da an buɗe baki ba.

Akwai wata ma'anar imply kuma da ba ta shafi niyyar kowa ba, inda wani abu ke tabbatar da wani. A nan "yana nufin" ko "yana nuna" sun wadatar, wani lokaci ma "ke nan" kaɗai: tun da ƙofa a kulle take ta waje, ba kowa a gidan ke nan.

Ki kuma raba musu imply da wata kalmar Turanci, infer. Ta farko aikin mai magana ce, ta biyu aikin mai sauraro, wato ya gano inda aka dosa. Habaicin da ɗalibanki ke so kuwa, insinuate ce ta fi kusa da shi.

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya ko zambo da habaici abu ɗaya ne. A'a, Malam. Makaɗan fada suna yin duka biyun ga abokan hamayyar ubangidansu, musamman 'yan sarki masu hanƙoron gadon sarauta. Zambo muzantawa ce a fili: a siffanta mutum da munanan kamanni ko halaye, a kama hancinsa ko tafiyarsa ko rowarsa, har jama'a su fashe da dariya sun gane shi. A habaici kuwa makaɗin sakaya zancen yake yi, ya ce "wani" ko "wane", sai waɗanda suka san abin da ke gudana a fada ne za su gane wanda ake nufi.