Amsa ga ƙaninmu na Marwa ta Kamaru da ke son sayar da mashin ya tafi Kano harkar fim

Salamu alaikum ƴan group. Ƙanina na ga tambayarka tun jiya, wai kullum mai gadi ko ɗan aike ake baka a fim, wani darakta yace fuskarka ba ta jarumi bace, shine kake tunanin ka saida mashin ɗin da kake kilando, wato acaɓa, dashi ka tafi Kano ko Allah zai sa a dace. Wlh da na karanta sai da na ajiye almakashi, don nima an faɗa min wannan maganar, har da ƙarin cewa haƙorana sun yi tsayi.

Kar ka saida mashin ɗin nan. Wannan dai na fara faɗa maka kafin surutu ya ɗauke ni. Ni keken ɗinkina da ke kasuwar Garwa shi ke ciyar da yarana har gobe, fim bai taɓa biya min haya ba. Kuma ba mu kaɗai ba, ka tuna hirar da BBC Hausa tayi da Mama Ladin Cima a 2022, tsohuwar da ta shekara da shekaru tana fitowa uwa da kaka, ta faɗa da bakinta cewa wani lokacin dubu biyu ko dubu biyar ake sallamarta, aka yi ta cece-kuce a kai. Naira fa, ba sefa ba. To in haka ne ga wadda duk ƙasar Hausa ta san fuskarta ina ga kai da zaka sauka a tasha da jaka a kafaɗa ba ka da ubangida.

Ni na je ai. Wani furodusa ne ya zo biki nan Garwa ya ganni a wani wasan faɗakarwa na fito boka, ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya karɓi lambata yace Malam kai ake nema. Da kuɗina na bi ta Yola, Gombe, har Kano, na canza sefa a hanya aka cuce ni a canjin ma amma bar wannan. Lokeshan ɗin wani ƙauye ne bayan gari. Tun da hantsi aka shafa min baƙin tukunya da farar ƙasa, aka rataya min layu da wata fatar akuya mai wari, aka ce in jira jaruma. Azahar tayi, la'asar tayi, ina zaune gindin darbejiya ba dama in wanke fuska saboda kwantiniti, wato kar kamannina su canza a fim ɗin, sallah ma sai da na roƙa. Abinci ya zo aka raba wa manya a cikin mota, mu aka miƙo mana ragowar a leda. Duk wannan ban damu ba, sana'a ce. Abin da ya tsaya min a rai shine da aka fara ɗauka, na buɗe baki nayi layin farko, sai darakta ya ɗaga hannu yace a tsaya, ya juya yana tambayar furodusa daga ina aka samo wannan, wai Hausata ta ƴan gudun hijira ce, mace nake ce wa ya zo. Kowa ya kwashe da dariya, har yaron da ke riƙe da lema. Ni da na haifi kamarsa. Daraktan ya sa na maimaita layin yana kwaikwayona a gaban mutanen ƙauyen da suka taru kallo, wata tsohuwa ce ma daga cikinsu tace haba ɗan nan ai baƙo ne. Na haɗiye na gama sin ɗina duka, da daddare na nemi furodusa ya biya ni ance ya wuce gari, na kira yace gobe, goben nan har yau bata yi ba. Kuɗin motar dawowa wani ɗan Marwa mai saida turare a Fagge ne ya ranta min, Allah ya saka masa da aljanna. Da fim ɗin ya fito kuma, fuskata ce, layuna ne, amma muryar wani aka ɗora min, sunana babu ko a can ƙarshe inda ake jera direbobi da masu dafa abinci. Yarana suka taru kallo a wayar maƙwabci, ƙaramar tace Baba me ya samu muryarka. Furodusan nan har yanzu yana saka hotonsa a Makka yana rubuta tsoron Allah, ban ce komai ba, akwai ranar da za a tsaya.

Tohm. Batun Hausa gaskiya ne sai ka gyara in rol ɗin na bakano ne, ka dinga sauraren rediyon Kano kana maimaitawa, amma kar ka yar da taka. Kai da kake da Fulatanci da Faransanci, wataƙila har da Larabcin Shuwa tunda kace kana zuwa Kusuri, wa zai fi ka fitowa a ɗan canji, ko direban tirela, ko jandarma a bakin iyaka, ko bafulatanin da ya kawo shanu kasuwa? Su can sai sun ƙaƙalo suna ɓata harshen mutane, kai kuwa a nono ka sha.

Kuma wai me ake nufi da fuskar jarumi ne. Jarumi yana da shekarunsa, tumbi na fitowa ko furfura an ɗauko sabo. Mai gadi da mai unguwa da alƙali da kawun da ke cin gadon marayu su basa tsufa. Marigayi Ibro da ya rasu a ƙarshen 2014 gandiroba ne kafin fim, wa ya taɓa cewa kyau ne ya kai shi inda ya kai? Marigayiya Daso da ta rasu cikin azumin 2024, muguwar uwar miji da kishiya take fitowa amma ka ga yadda mutane suka yi kukanta. Nan kusa damu ma a Njamena, Yusuf Jaoro dattijo ne ya fito mai kula da wurin wanka na otel a fim ɗin Mahamat Saleh Harun, fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Cannes da ke Faransa a 2010. Yanzu kuma tunda kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube da Arewa24, masu dogon zango ake yi, in mai gadinka ya shiga ran mutane marubuci da kansa zai dinga ƙara maka sin. Ni wani mai gadi na gaske a unguwar Yelwa na zauna ina kallo, yadda yake ɗaura rediyo a wuya da tsumma, yadda baya tashi buɗe get sai ya gama kurɓar shayinsa ko waye ke hon, shi na ɗauka na saka a wani siris ɗinmu na nan gida, har yau yara a hanya da sunan rol ɗin suke kirana.

Ka tanadi kayanka da kanka, tsohuwar kwat, hular sanyi, tocila, carbi, rawani, babbar riga guda mai kyau. Masu shiri a nan basu da kuɗin kayan sawa na fim, wanda ya zo da kayansa shi ake sake kira. Kakin ƴan sanda ko na soja dai kar ka ajiye a gida ba takarda, ka san halin ƙasar nan musamman ku can sama. Ka sa wani ya ɗauke ka a waya minti ɗaya ɗaya, kana faɗa, kana roƙo, kana ƙarya an kama ka, shi zaka dinga turawa a WhatsApp ba hoton sutudiyo da baƙin gilashi ba.

Kuma kar ka raina wasannin faɗakarwa na ƙungiyoyi, na kwalara da rigakafi da auren wuri, da na rediyo. Wlh su suka fi biya, kuma da takarda ake sa hannu. Maganar kuɗi kuwa ka yi ta kafin a shafa maka komai a fuska, rabi ya shigo Orange Money ɗinka tukuna, in furodusa yace ai taimakonka yake zai haska ka, kace masa ka gode hasken rana ma ya ishe ka a Marwa. Wanda yace ka biya kuɗin fom ko kastin kafin a saka ka, gudu.

In kuma dole sai ka je Kano, ka bari bayan damina, ka je da kiran wani takamaimai da kuɗin dawowa ɗaure daban, ka nemi rajista da MOPPAN, wato ƙungiyar ƴan fim, da hukumar tace fina-finai don can basa wasa da wannan, mashin kuma ka bar wa ƙaninka yana kawo balas. Ka min magana ta inbox akwai wani shiri da za mu fara bayan sallah ana neman ɗan acaɓa mai baki, ba alƙawari nayi ba fa, kuma ka taho da hular kwanonka don tamu ta fashe.