Amsa ga ƙanwarmu mai furojet a kan daular Sifaniya

Ƙanwata, sannu. Kin ce an ba ki furojet a kan daular Sifaniya, abin ya yi miki faɗi, malamin da ke duba aikin kuma ya ƙi zama da ke. Wallahi ciwona kika taɓo.

Ni nawa malamin karɓar babi uku ya yi ya jefa a durowa. Kullum na je sai ya ce in dawo jibi, ko a ce ya tafi taro. Ranar kare aiki, a gaban malamin da aka gayyato daga waje, ya ɗaga takardun da yatsa biyu, ga shatin kofin shayinsa a bango, ya ce, "Me ya haɗa mu da Sifaniya?" Shi fa ya sa hannu a kan maudu'in! Aka kwashe da dariya, har da 'yan ajinmu. Ko shafi ɗaya babu jan bironsa a ciki, ashe bai taɓa buɗewa ba. Na yafe, amma har yau in na tuna sai maƙogwarona ya bushe.

Ke dai kada ki ce za ki kwaso komai tun daga tafiyar Columbus a 1492 har zuwa 1898 da Amurka ta raba su da Kuba da Filifin. Ba za ki gama ba. Ki bi azurfa kawai. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosí, a Bolibiya ta yau, aka riƙa kwaso mutanen ƙauyuka ana tura su rami aikin tilas bi da bi. Wata azurfar ta nufi birnin Seville na Sifaniya, wata kuma jiragen ruwa suka riƙa ɗauka daga Acapulco a Meziko zuwa Manila a Filifin, daga 1565 har 1815, ana musayarta da siliki da tangaran na ƙasar Sin. Duk da wannan dukiya, Sarkin Sifaniya Philip na Biyu ya kasa biyan bashi a 1557 da 1575 da 1596, saboda yaƙe-yaƙen Turai sun lashe kuɗin tun kafin su iso. Wannan kaɗai ya ishe ki babi biyu, kuma a nan daɗin labarin yake.

Af, duk shafin da malaminki ya gyara miki ki ɗauki hotonsa da waya. Kada kuma ki ba shi kwafinki na ƙarshe, ki ajiye wani a imel.

In ya yi miki irin tambayar da aka yi mini, ki ce masa Fernando Po, tsibirin da yanzu ake kira Bioko, nan kusa da Kalaba. Sifaniya ta karɓe shi daga Fotugal a 1778, kuma a 1942 Turawan Ingila suka ƙulla yarjejeniya da ita ana kai leburori daga Najeriya gonakin koko, akasarinsu daga kudu maso gabas. Sai 1968 Equatorial Guinea, ƙasar da tsibirin yake cikinta, ta samu 'yanci. Ni a ranar kare aikina bakina ne ya mutu.

Shugaban sashenku ya san halin da kike ciki kuwa? Ki je ki gaishe shi, ki tafi da wata ƙawarki, ki faɗa masa cikin ladabi. Ki turo jerin babukanki nan mu duba miki.