Dutsen Da Ya Lanƙwasa Kamar Igiyar Teku A Ostireliya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga hoton wani dutse a ƙasar Ostireliya wanda ya lanƙwasa tamkar igiyar teku da ta taso za ta rufto. Shin mutane ne suka sassaƙa shi haka? Kuma me ya sa aka bar daji kewaye da shi alhali yankin duk gonaki ne? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Babu hannun ɗan Adam a siffar wannan dutse. Ana kiransa Wave Rock, yana kusa da garin Hyden a yammacin Ostireliya, tafiyar kimanin kilomita 340 daga birnin Perth. Tsayin lanƙwasar ya kai mita 15, tsawonta kuwa mita 110, kuma gefe ɗaya ne kawai na wani babban dutsen giranit da masana suka ƙiyasta shekarunsa sun haura biliyan 2.6.

Aikin ruwa ne, kuma mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa aka yi shi. A zamanin da ƙasa ta rufe gindin dutsen, ruwan saman da ke gangarowa daga bisa yakan taru a nan, ya jiƙa ƙasar, ya riƙa cin jikin dutsen sannu a hankali har ya rududduge, yayin da saman da ke fili yake bushewa da wuri, don haka bai ci sosai ba. Da zaizaya ta kwashe ƙasar da rududdugaggen dutsen, sai ƙwarmin ya bayyana, leɓen sama ya yi rumfa a kansa. Zane-zanen ja da ruwan ƙasa da baƙi da ke sauka a jikinsa kuwa sawun ruwa ne mai ɗauke da sinadaran ƙarfe, tare da gansakuka.

Game da dajin, sai a duba tarihin noma a yankin. Turawan da suka zauna can sun sare mafi yawan itatuwan asali domin noman alkama da kiwon tumaki, amma garma ba ta shiga kan falalen dutse, saboda haka tsirrai da namun daji da suka rage suka samu mafaka a gindin duwatsu. Yanzu an keɓe kimanin hekta 160 kewaye da wannan dutse. A ganina hikimar hakan ta fito fili, domin sarar dajin ta jawo wa manoma babbar matsala: da aka rasa itatuwa masu dogayen saiwoyi da ke shanye ruwa, sai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso da gishiri, gonaki da yawa suka daina ba da amfani.

Dutsen kansa ma tushen ruwa ne. Mutanen Noongar, 'yan asalin yankin, sun daɗe suna dogara da ramukan duwatsu masu riƙe ruwan sama. A shekarar 1928 hukuma ta gina wata gajeriyar katanga a bisa dutsen, wadda ke tare ruwa ta kai shi madatsa, aka kuma gyara ta a 1951 domin amfanin garin Hyden. Masu ɗaukar hoto sukan kauce mata, shi ya sa ba kasafai ake ganinta ba.

Ba sai ka je Ostireliya ba kafin ka ga irin wannan aiki na ruwa. Dutsen Kufena da ke Zariya da na Kwatarkwashi a Zamfara dangin giranit ne, kuma idan ka hau irinsu da damina za ka tarar da ramuka cike da ruwa, da ciyayi masu kauri a gindi, inda ruwan ke sauka.