Chichen Itza daga Cancún, ta cancanci wahalar hanyar?

Ɗan uwa ka ce za ka je Cancún a Meziko kana tambaya ko Chichen Itza, kufan tsohon birnin mutanen Maya, ta kai a ɓata mata yini guda, wallahi ta kai, amma kar ka bi motocin yawon buɗe ido masu isa da tsakar rana, zafi da cunkoso za su hana ka ganin komai. Gara ka kwana a garin Valladolid, kusan kilomita 40 ne daga Chichen Itza, ƙarfe 8 na safe da an buɗe ƙofa kana ciki.

Dalar Kukulkan ita ce abin kallon, matakala 91 a kowane ɓangare huɗu, ka haɗa da dandamalin sama ya zama 365, kwanakin shekara kenan, mutanen Maya a cikin gini suka saka lissafin kalandarsu, kuma ba su da kayan aikin ƙarfe fa, dutse da dutse suka sassaƙa. A watan Maris da Satumba lokacin da dare da rana suke daidaita inuwa na sauka ta gefen matakalar kamar maciji har kan macijin dutse da ke ƙasa. In ka tsaya gabanta ka tafa hannu, amsa-kuwwar tana dawowa kamar kukan tsuntsu. Hawa dai an hana, kar ma ka gwada.

Kar ka tsallake filin ƙwallonsu, tsawonsa mita 168, zoben dutsen da ake zura ƙwallo a ciki yana can sama jikin bango. Ka riƙe ruwa da hula, inuwa kaɗan ce a wurin.