Amsa ga uwar da ke son yaranta su san ma'anar Kirsimeti

Salama 'yar'uwa, sannu da fama da yara. Kin ce kina da biyu, mai shekara 4 da mai 6, kuma da an ambaci Kirsimeti ba abin da ke faɗo musu a rai sai sabon kaya, shinkafa da kaza, da Fada Kirsimeti. Kina neman yadda za su san wanda ake yi wa bikin. Na yi shekara 19 ina riƙe da ajin ƙanana a Sande Sikul, wato makarantar Lahadi ta coci, a nan Jos, na raini huɗu nawa na kaina, yanzu ga jikoki, don haka zan faɗa miki abin da ya yi mini aiki da wanda ya ƙi.

Kada ki yi yaƙi da ɗinkin Kirsimeti. Ni na taɓa yi. Wata shekara na ga hankalin yarana ya koma kan tela gaba ɗaya, sai na ce bana ba ɗinki, domin su gane ba tufafi ne Kirsimeti ba. Ɗana na biyu yana ɗan shekara 6 a lokacin. Tun da aka fara sujada har aka tashi kansa na sunkuye, bai buɗe baki ya yi waƙa ko ɗaya ba. Yau magidanci ne, amma in aka tuna wannan shekarar, abin da yake riƙe da shi kawai shi ne an hana shi riga. Har yanzu abin yana mini ciwo. Yaro da murna yake gane cewa rana tana da girma. Ki bar musu murnarsu, ki sa labarin haihuwar Yesu a cikinta.

Abin da na koma yi shi ne, daga 1 ga Disamba, kowane dare bayan an ci tuwo, minti biyar zuwa goma. Labarin duka yana cikin surori biyu na farko na Luka da biyu na farko na Matiyu. Ki karanta ke kaɗai tukuna, sannan ki rufe Littafi Mai Tsarki ki ba su da bakinki, gutsure-gutsure. Yau mala'ika Jibra'ilu ya zo wa Maryamu a Nazarat. Gobe mafarkin Yusufu. Jibi Kaisar Augustas ya ba da umarnin ƙidaya, sai tafiya Baitalami. Ki tsaya a inda ya fi daɗi, su za su tuna miki washegari. Amma kada ki buɗe da "ga ta nan, ga ta nanku". Yaranmu sun san abin da aka fara da haka labarin Gizo da Ƙoƙi ne. Ni nakan ce musu wannan ya faru da gaske, Baitalami tana nan har yau, kusan kilomita 10 kudu da Urushalima, akwai mutane a cikinta suna cin kasuwa.

Yaranmu suna da wata dama babba, kusan duk abin da ke cikin labarin sun taɓa gani da ido. Sun san makiyayi da sandarsa, sun san tunkiya, sun san maijego da zanen goyo. In akwai masu kiwo a unguwarku, ki kama hannunsu ki kai su gaban komin da ake zuba wa awaki dusa. Su duba, su ji warin, sannan ki ce a cikin irin wannan aka kwantar da Yesu saboda ba a sami ɗaki a masauki ba. Na taɓa kai ajina haka, wata yarinya ta ce, "Malama, me ya sa ba su kawo shi gidanmu ba?" Wannan tambayar ta fi mini duk haddar da muka yi a watan.

Wajen da na fi daɗewa a kai shi ne suna. Luka ya ce da kwana takwas suka cika aka raɗa masa suna, kuma ba yaron da bai taɓa zuwa suna ba. Ki fara da nasu: wa ya sa maka suna, me yake nufi? Daga nan ki shiga Matiyu 1:21, inda mala'ika ya ce a kira shi Yesu domin shi zai ceci mutanensa daga zunubansu. Ɗan shekara 4 bai san kalmar zunubi ba, amma ya san ranar da ya ɗebi sukari ya ɓuya a bayan ƙofa yana tsoron haɗa ido da ke. Nakan ce haka muke ɓuya wa Allah, shi kuwa bai zauna yana jiran mu fito ba, shi ya taso ya zo nemanmu.

Sai ɗaya sunan, Immanuwel, wato Allah tare da mu. Wannan da duhu nake koyar da shi. In aka ɗauke wuta da dare yaro ya tsorata ya kira ki, za ki iya ɗaga murya daga ɗakinki ki ce kada ya ji tsoro. Za ki kuma iya tasowa ki zo ki zauna a bakin shimfiɗarsa. Ki tambaye su wanne suka fi so. Allah ya daɗe yana aiko da magana ta bakin annabawa irin su Ishaya da Mika, a Kirsimeti kuwa da kansa ya shigo ɗakin. In wannan kaɗai suka riƙe bana, ni a ganina ya isa.

Mai shekara 6 zai fara tambayoyi, ki gaya masa gaskiya. Littafi Mai Tsarki bai faɗi ranar haihuwar Yesu ba. Shaidar farko da ake da ita ta yin bikin a 25 ga Disamba daga Roma ce, shekara ta 336, kuma 'yan'uwanmu na Habasha da Masar a 7 ga Janairu suke nasu. Masanan nan na gabas da suka kawo wa jariri Yesu kyauta ma ba a ce su uku ba ne, kyautarsu ce iri uku: zinariya, lubban da mur. Fada Kirsimeti kuwa ba na zaginsa a gaban yara. Nakan ce asalinsa wani bishop ne mai suna Nikolas da ya rayu a Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda aka sani da taimakon matalauta a ɓoye saboda ƙaunar Yesu. Kisan jariran da sarki Hirudus ya yi, ki ajiye shi sai sun ƙara wayo. A yanzu ya isa ki ce mugun sarki ya nemi yaron, iyayensa suka gudu da shi Masar, nan nahiyarmu ta Afirka.

Akwai wani abu da mutane kan tsallake. Da aka kai Yesu Haikali, hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu Luka ya ambata, kuma bisa Littafin Firistoci 12:8 wannan ta wadda ba ta da halin ɗan rago ce. A gidan talaka aka haife shi. Shi ya sa ranar Kirsimeti ba na aika manya da abinci, yaran nake ɗora wa kwanuka. Su kai wa gwauruwar da ke layinmu, su kai wa maƙwabtanmu Musulmi da ke aiko mana da nama ranar Sallah. Kowane yaro kuma ya zaɓi riga ɗaya mai kyau cikin nasa, ba wadda ta yage ba, ya miƙa da hannunsa.

Ki jawo maigida cikin abin nan, ko da dare biyu a mako ne shi ya ba da labarin. Kada ku bar wa malaman Sande Sikul kaɗai, mu awa ɗaya muke ganinsu a mako. A gidana, safiyar 25 ga wata, bayan wanka kafin kowa ya sa sabon kaya, mukan zauna a tabarma babansu ya karanta Luka 2:1-20, ƙaramin cikinsu ya yi addu'a da 'yan kalmominsa, sannan a buɗe akwati. Ki gwada bana, in Allah ya kai mu Janairu ki ba ni labarin irin tambayoyin da suka yi miki. A gaida maigida da yaran.